Masu Haƙar Harsuna A Garin Kuza

Matafiyin da ya taso daga Zariya ya nufi Jos, da zarar ya bar Saminaka ya kai Jengre zai ji mota ta soma nishi, gama daga nan hanya ba ta da sauran aiki sai hawa. Iska takan sake, zufa ta bushe, har wanda ya fito da 'yar shara ya shiga laluben mayafi. Garin yana bisa tudu mai tsayin mita 1,200 da 'yan kai daga gaɓar teku, duwatsun Shere kuwa da ke gabas da shi sun haura mita 1,800. Sanyin nan shi ne labarin da kowa ke komawa gida da shi, sai kuma dankalin Turawa da kabeji da karas na kasuwar Farin Gada. Amma akwai abin da matafiyi ke ratsawa bai sani ba. Tsakanin Saminaka da Jos kaɗai, motarsa takan keta ƙasar harsuna da dama, irin su Kurama da Amo da Jere da Buji da Iguta, alhali duk tashar da aka tsaya da Hausa za a yi masa tallar ayaba.

A yankin Saminakan nan ma akwai harsuna biyu, Sheni da Ziriya, waɗanda wani masani Bajapane mai suna Kiyoshi Shimizu ya tattara kalmominsu cikin shekarun 1970. Da masu bincike suka sake komawa bayan shekara ta 2000, sai suka tarar masu jin Sheni sun zama 'yan tsofaffin da za a ƙirga da yatsu, Ziriya kuwa sai ɗan abin da aka tuna. Jikokinsu suna nan da ransu, suna noma, suna aure, suna cin kasuwa, amma da Hausa suke yin duk wannan.

To, a cikin Jos da kewayenta akwai waɗansu mutane 'yan kaɗan da ba su da sana'a sai bin sawun irin waɗannan harsuna. Waɗansu malaman jami'a ne, waɗansu ɗalibai, waɗansu masu fassara, waɗansu kuma tsofaffin malaman firamare ne da suka aje aiki suka ɗauki na harshen iyayensu ba da albashi ba. Ba su da wani babban gini guda da za a nuna wa baƙo. Ana samunsu a sashen nazarin harsuna na Jami'ar Jos, da hedkwatar masu fassarar Littafi Mai Tsarki da ke cikin gari, da kwalejin tauhidi ta Bukuru, da kuma gindin mangwaro a ƙauyukan da mota ba ta kaiwa da damina.

YADDA HAUSA TA HAU DUTSE

Kafin a fahimci aikin nasu, sai an san yadda garin ya kafu. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwai suna narka kuza su yi sandunan dalma, fatake su kai kasuwanni. Sandunan nan ne suka ja hankalin Kamfanin Neja, har ma'aikatansa suka bi sawu suka kafa sansani a Naraguta wajen 1903 zuwa 1904. Ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, sa'an nan a 1927 aka haɗa Jos da babban layin da ya bi ta Kafancan zuwa Fatakwal. Leburori suka yi ta kwarara daga Kano da Zazzau da Bauci da Barno, 'yan kasuwa da akawuna da masu sana'ar hannu suka zo daga Kudu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, Gwamnatin Ingila ta shiga ɗibar mutane da ƙarfi zuwa haƙar kuza, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, da yawa kuwa sanyi da yunwa suka kashe su a can. Cikin bariki irin wannan, inda mutum goma ke da harshe bakwai, dole a sami harshen da heluma zai yi tsawa da shi, mai tuwo kuma ta yi ciniki da shi. Hausa ce ta ɗauki wannan kaya.

Hanya ta biyu da Hausa ta bi ta hau dutse ita ce ta majami'a, ko da yake Hausawan Kano da Sakkwato da yawa ba su san haka ba. 'Yan mishan na farko sun sauka Wase a 1904, da suka ga yawan harsunan ƙasar sai suka zaɓi su yi wa'azi da karantarwa da Hausa. An buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, aka yi ta rera waƙoƙin sujada da ita daga Gindiri har Langtang. Babbar ƙungiyar nan ta majami'u mai hedkwata a Jos, sunanta ma da Hausa yake, watau Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya. Saboda haka a Jihar Filato mutum yana iya kasancewa ba shi da jinin Bahaushe ko ɗigo, amma da Hausa ya koyi karatu, da ita yake addu'a, da ita kuma ya nemi auren matarsa in ba ƙabilarsu ɗaya ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa da Hausarsa ya shiga kowane gida a jihar, ba wanda ya nemi tafinta.

Sai dai ba a yi gaskiya ba in an ce dangantakar duk zuma ce. A ƙarni na 19 mahara daga ƙasashen sarakuna sun sha kai hari gindin duwatsun nan neman bayi, shi ya sa ƙauyuka da yawa suka maƙale a ƙwanƙolin dutse ko bayan shingen ƙerana mai kauri. Sunayen da baƙi suka laƙaba wa mutanen ma sun daɗe suna yi musu ƙaiƙayi. Waɗanda aka saba kira Angas, Ngas suke kiran kansu. Sura su ne Mwaghavul, Ankwe su ne Goemai, Yergam su ne Tarok, Jarawan Dutse kuwa Afizere. Darasin farko da akan koya wa ɗalibin da zai fita bincike shi ne ya tambayi mutane sunan da suke kiran kansu da wanda suke kiran harshensu, don sau da yawa ba ɗaya ba ne. Mutum guda Worom ne, jama'a Berom. A wajen Tarok, mutum guda uTarok, jama'a oTarok, harshen kuma iTarok. Afizere suna magana da Izere, Anaguta da Iguta.

A NARAGUTA

Jami'ar Jos ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta sami cin gashin kanta a 1975 zamanin Janar Murtala Muhammed. Mazauninta na dindindin yana Naraguta, watau wajen da aka fara kafa sansanin kuza, kuma har yanzu a kewayen garin ana ganin tarin jar ƙasa da kududdufai masu zurfi da injinan kamfanoni suka bari. Wanda ya shiga ofisoshin malaman harshe yana tsammanin ya ga kwalabe da na'urori irin na ɗakin binciken likitoci zai sha mamaki. Kayan aikin ba su wuce rakoda da ke shiga aljihu ba, da abin sawa a kunne, da kwamfuta, da littattafan rubutu masu kaurin bango. Ɗakin binciken na ainihi yana can inda masu harshen suke. Abin da Jos ta fi sauran jami'o'i da shi shi ne ɗalibanta, domin a aji guda ana iya samun 'ya'yan harsuna da yawa, kowa da kakarsa a ƙauye.

Ga yadda aikin yake tafiya. Akan nemi dattijo ko dattijuwa da aka haifa a ƙauyen, ba wanda ya yi rabin rayuwarsa a bariki ba, kuma ana so haƙoransa na gaba su cika, gama giɓi yana ɓata sauti. A zaunar da shi nesa da injin niƙa da zakara da rufin kwano in hadari ya taso. Sai a buɗe jerin kalmomi. Akwai gajere mai kalma 100 ko 200 na gwada dangantaka tsakanin harsuna, akwai kuma dogo mai kalma 1,700 da aka tsara musamman don harsunan Afirka, wanda kan ci kwanaki. Ɗalibi ya faɗi kalma, dattijo ya mayar da harshensa sau biyu ko uku, a ce, Baba, a ƙara faɗi a hankali, sa'an nan a nemi jam'inta, a sa ta cikin jimla. In rana ta take dattijo ya gaji, sai a dakata, don muryar da ta gaji ba ta da amfani.

Wani abin dariya mai kama da na kuka shi ne, da Hausa ake yin tambayar. Ita ce harshen da mai bincike da dattijo suka haɗu a kai. Sau da yawa in an tambayi yadda ake cewa kasuwa ko sabulu ko alƙali, sai dattijo ya mayar da kalmar Hausar da ɗan lanƙwasa, wannan kuwa ba abin damuwa ba ne, domin Hausar ma aro ta yi daga Larabci da sauransu. Inda hankali ke tashi shi ne in an tambayi sunan tsuntsu, ko wani irin acca, ko ƙanen uwa, dattijo ya yi shiru ya dubi ƙasa, ya ce a bari matarsa ta dawo daga gona. Masu binciken sun daɗe da gane cewa mata tsofaffi su ne rumbun kalmomin girki da tukwane da ganyaye da reno, maharba kuma su ke riƙe da sunayen namun dajin da yanzu babu su a dajin.

Babban abin da ke wahalar da sabon shiga shi ne karin sauti. Mai karatu ya san kalmar wuya tana iya nufin wuyan da ke ɗauke da kai, tana kuma iya nufin wahala, hawa da saukar murya ne suka raba su, amma ba a nuna wannan a rubutun Hausa na yau da kullum, sai jimla ta warware. Hausa tana da karin sama da na ƙasa, da mai faɗowa daga sama. Harsuna irin su Berom da Tarok da Mwaghavul suna da hawa uku, sama da tsakiya da ƙasa, kuma a waɗansu harsunan tudun nan murya kaɗai ke raba tilo da jam'i, ko aikin da aka gama da wanda za a yi. Dabarar da aka gada ita ce a roƙi mai magana ya yi fito da kalmar, a saurari hawanta da saukarta ba tare da baƙaƙe ba. (Ba kowane dattijo ke yarda ya yi fito a gaban yara ba, sai a lallashe shi ya rufe baki ya yi da hanci.) Yanzu akwai manhajar kwamfuta mai suna Praat, wadda malamai biyu na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, tana zana hawan murya a allo kamar zanen duwatsu. Akwai ELAN ta jera magana da fassararta daƙiƙa bayan daƙiƙa, da FLEx ta tara ƙamus. Duk kyauta ake samunsu, wutar da za a kunna kwamfutar ce ba kyauta ba. Tatsuniyar minti biyar tana iya cin yini guda kafin a gama rubuta ta da fassara ta.

'YAN'UWAN HAUSA A KAN DUTSE

Abin da binciken ya tono yana da daɗin ji ga Bahaushe. Tun da masanin nan na Amurka Joseph Greenberg ya fitar da rabe-raben harsunan Afirka a 1963, aka san cewa manyan dangogi biyu ne suka yi karo a tudun Jos. Berom da Izere da Irigwe da Tarok suna cikin dangin Binuwai-Kwango, watau danginsu ɗaya da Tibi da Jukun da harsunan Bantu na can Kudancin Afirka. Ngas da Mwaghavul da Goemai da Ron kuwa 'yan dangin Cadi ne, ɗaki ɗaya da Hausa, kuma ta nan suna da dangantaka mai nisa da Larabci da Ibrananci da Buzanci. A Mwaghavul mace ita ce mat, mutuwa muut, harshen baki liis, huɗu kuwa feer. Wanda ya tuna cewa Hausar Yamma tana cewa halshe, ya kuma lura da yadda f da h ke musanya a bakin Hausawa, zai ga inda aka dosa. Waɗannan kalmomi ba aro ba ne daga kasuwa, gado ne daga kaka guda da ya shuɗe shekaru dubbai. Ashe mutumin Panyam da Bakano suna da zumuncin da ya girmi ganuwar Kano, ko da yake ba a cika tuna wannan ba ran da gari ya rikice.

Akwai kuma batun ƙidaya. A da Berom ba goma-goma suke ƙirga ba, sha biyu-sha biyu suke yi. Kalmar kuru tana nufin 12, tara kuwa akan faɗe ta da ma'anar sha biyu ba uku, kamar yadda tsofaffin Hausawa ke cewa ashirin ba ɗaya. Da kuɗin Turawa da makaranta da kasuwa suka zo da lissafin goma, sai ma'anar kuru ta zame ta koma 10 a bakin mutane. Irin wannan ƙidaya ta sha biyu ba ta da yawa a duniya, kuma tsakiyar Nijeriya na cikin 'yan wuraren da aka same ta, har da wani reshe na Gwandara, harshen da ya fi kowane kusa da Hausa. Ba don an rubuta ta tun masu ita suna raye ba, da yau ba mai yarda an taɓa yi.

Su wa suka rubuta? Da fari baƙi ne. Wani hafsan Ingila, Kyaftin Foulkes, ya buga littafin Angass Manual a 1915. Wani fada na Katolika, Eugene Sirlinger, ya tara ƙamus na Goemai a 1937. Luc Bouquiaux ya fitar da babban nahawun Berom a 1970, ya kuma biyo da ƙamus a 2001, duka da Faransanci. Herrmann Jungraithmayr ya buga littafinsa kan harsunan Ron a 1970 da Jamusanci. Zygmunt Frajzyngier ya yi nahawun Mupun a 1993, Birgit Hellwig ta yi na Goemai a 2011. Aiki ne na ƙwarai, ba mai musu. Amma malamin firamare a Du ko Daffo ba ya jin Faransanci balle Jamusanci, kuɗin littafi guda kuwa yana iya lashe albashinsa. Ilmin harshen ya zauna a ɗakunan karatu na Turai, masu harshen suna nan hannu wofi. Wannan giɓi ne 'yan ƙasa suka taso su cike, irin su Selbut Longtau, wanda ya yi shekaru yana rubutu kan Tarok, wani lokaci tare da Roger Blench, Baturen da ya zaga ƙauyukan Filato yana tara kalmomi. Blench ne ya ci gaba da sabunta jerin harsunan Nijeriya da aka fara bugawa a 1976, aka sake a 1992, jerin da yanzu ya haura harshe 500.

Cikin gari kuma akwai hukumar Nigeria Bible Translation Trust, wadda ta gaji aikin cibiyar nazarin harsuna ta 'yan mishan a 1976. A Bukuru, kudu da Jos, kwalejin tauhidi ta Arewacin Nijeriya tana da sashen kimiyyar harshe da fassara. Manufarsu ta addini ce, ba su ɓoye ba. Amma ba a fassara littafi cikin harshen da ba shi da abacada, don haka kafin a kai ga aya ta farko sai an ƙirga baƙaƙe da wasula, an tsara ƙa'idojin rubutu, an buga littafin koyon karatu. Yawancin harsunan Filato da ke da rubutu a yau ta wannan ƙofa suka same shi. Abin da ya biyo baya kuwa shi ne, harshen da masu shi Musulmi ne, ko suka yi kaɗan ƙwarai, ba ya samun mai ɗaukar nauyinsa da sauri, sai in jami'a ta waiwaye shi, jami'a kuma ba ta da kuɗin mai.

Wurin da aka fi zub da gumi shi ne taron kwamitin harshe. Nan ne masani ke gane cewa digirinsa ba ya yanke hukunci. Berom na Gyel da na Foron da na Riyom da na Bachit ba bakinsu ɗaya ba, Ngas na kan dutse da na ƙasa haka, abin da ake kira Ron kuwa ya ƙunshi Bokkos da Daffo da Butura da Sha, kowa yana ganin nasa ne na asali. Karin wa za a buga? In wasulan harshe sun fi biyar ɗin Turanci, a ƙirƙiro sabon harafi ne, ko a ja layi a ƙarƙashin tsoho, ko a haɗa biyu? A sa alamar karin sauti a kan kowace kalma har shafi ya zama kamar an watsa masa gero, ko a bar ta mai karatu ya yi ta tuntuɓe? Hausa ma ta ratsa wannan. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya fito kafin a daidaita a kan haruffa masu lanƙwasa, aka kuma yi shekaru ana gyara har bayan kafa Hukumar Hausa a 1955. Bambancin shi ne Hausa ta sami gwamnati da maɗaba'a a Zariya a bayanta. Kwamitin ƙaramin harshe kuwa karo-karo yake yi, a zauna a ajin firamare ran Asabar, kowa ya biya kuɗin motarsa.

ABIN DA KE CIN AIKIN

Jos ta sha wuya tun daga watan Satumba na 2001. An sake yi a Nuwamba 2008 da Janairu 2010, babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, unguwanni suka rabu, kowa ya san inda ba ya kwana. Daga baya tashin hankali ya koma ƙauyukan Riyom da Barikin Ladi da Bassa da Mangu da Bokkos, har da hare-haren jajibirin Kirsimeti na 2023. Rayukan da aka rasa ta kowane ɓangare su ne babbar hasara, ba a haɗa su da kome. Amma harshe ma yana cikin abin da ke ƙonewa. In ƙauye ya watse, tsofaffi suka tafi wani gari, yara suka tafi wani, yaron zai tashi da Hausa da Turancin titi, sunayen gonaki da rafuka da duwatsun kakanninsa kuma ba inda zai ji su. Mai bincike da ya shirya tafiya sai ya fara tambayar lafiyar hanya kafin ya tambayi lafiyar dattijon da zai gani. Gobarar da ta cinye ɗakin karatu na mazaunin Naraguta a watan Oktoba na 2016 ta ƙara tuna wa kowa cewa abin da ke cikin kwafi guda bai tsira ba tukuna.

Gwamnati kuma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke amfani da shi. A Filato rabin jimlar na biyu ya haɗiye na farko, gama ajin da ke da 'ya'yan ƙabila shida ba shi da mafita sai Hausa ko Turanci. A Nuwamba 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa har shekara shida na firamare. A Nuwamba 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, aka koma Turanci tun daga ajin farko, bisa hujjar cewa yara suna faɗuwa jarrabawa. Hujjar ba ta zauna sosai a nan ba, domin a yawancin makarantun jihar ba a taɓa kawo littattafan ko horar da malaman ba balle a ce an gwada an gani. Masu kwamitocin harshe dai sun ci gaba da abin da suka saba, ajin yamma a majami'a, gasar karatu lokacin bukukuwa irin su Nzem Berom da Pusdung da Puus Kaat, da ƙamus a cikin wayar hannu, wanda ya fi littafi saurin kaiwa ga samari.

Wanda ke son ganin inda abin ya fi tsanani sai ya bi hanyar kudu. Daga Bukuru a wuce Barikin Ladi da Mangu, a ratsa Panyam kusa da tsofaffin duwatsun aman wuta na Kerang, a kai Pankshin, sa'an nan a gangara. Sanyi ya ƙare, zafi ya karɓa, gonakin dankali su ba da wuri ga dawa da gyaɗa da shinkafa. A Shendam, ƙasar Goemai, masu magana da harshen suna da yawa har yanzu, amma Hellwig ta rubuta cewa yara masu tasowa sun fi karkata ga Hausa. Daga Langtang hanya ta nufi Wase, inda dutsen nan mai kama da turmi a kife ke tsaye shi kaɗai a fili, ana hango shi tun daga nesa. Gaba da Wase akwai Bashar. Mutanen wurin, waɗanda Hausawa ke kira Basharawa, suna da harshensu mai suna Yangkam, ɗan'uwan Tarok. Sun daɗe da karɓar Musulunci, suka rungumi Hausa, duk da haka ba su yar da sunansu da tarihinsu da sarautarsu ba. Lokacin da Blench ya ziyarce su cikin shekarun 1990, ya tarar waɗanda ke iya magana da Yangkam sosai duk sun haura shekara 50, matasa kuwa ba su koya ba. Wanda yake da shekara 50 a wancan lokaci, in yana raye, yau yana wajen 80. Jerin kalmomin da aka ɗauka daga bakinsu yana nan, an sa shi a intanet, kowace kalmar Yangkam da ma'anarta a gefe da Turanci.